Gajiyar da Barci Ba Ya Kashewa: Jagora ga Iyaye Ma'aikata a Damagaram

Duk wanda aka ce wa "ina gajiya?" amsarsa a bakinsa take: "babu gajiya." Haka gaisuwa ta koya mana, kuma ba laifi ba ne. Sai dai akwai iyayen da suka shekara suna ba da wannan amsa alhali gajiyar ta ci su har ƙashi. Gajiya iri biyu ce. Akwai ta yau da kullum, wadda mutum zai yi wanka, ya ci tuwo, ya miƙe, gari ya waye ya tashi garau. Akwai kuma wadda barci ba ya kashe ta, hutun Lahadi ba ya taɓa ta, ko konje aka ɗauka, kwana uku da komawa aiki ta dawo mazauninta. Ita wannan ta biyun ce maganarmu.

Wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Herbert Freudenberger, shi ya yi fice da bayyana ta a 1974, bayan ya lura da yadda masu aikin sa kai a wani asibitin kyauta suke farawa da zafinsu, su ƙare jiki a mace. Sunan da ya ba ta a Turance, burnout, yana nufin wutar da ta cinye itacenta, sai toka. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta a kundinta, ba a matsayin cuta ba, a matsayin halin da matsin aiki mai tsawo yake jefa mutum ciki, ta kuma ba ta alamomi uku: ƙarewar ƙarfi, ficewar aikin daga rai, da raguwar abin da mutum yake iya yi. Hukumar ta tsaya ga wurin aiki kawai. Wasu mata biyu masu bincike a Jami'ar Luven ta Beljiyam, Isabelle Roskam da Moïra Mikolajczak, su suka nuna cewa reno ma yana ƙone mutum haka nan. Wanda yake aiki kuma yake da ƴaƴa, wutar ta gefe biyu take cinsa.

Bayanin da suka yi mai sauƙin ganewa ne ga duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mai sikeli. A gefe ɗaya akwai nauyi, a ɗayan akwai abin da ake ɗaukarsa da shi: barci, lafiya, kuɗi, masu kama hannu. Idan gefen nauyi ya rinjaya wata da watanni, ƙarfi ya ƙare. Saboda haka maganin ba ƙarin haƙuri ba ne. Wanda ya kai nan, haƙurin ne ya kawo shi. Maganin a rage nauyi, a ƙara hannu, kuma a bi abin daki-daki.

Da farko, a gane ta

A ɗauki malamar lakwal da ke zaune a Garin Malam. Ƙarfe uku na dare famfo ya fara tsiyaya, ta tashi tarbe. Ta yi asuba, ta hura gawayi, ta dama kunu, ta wanke yara uku, ta hau kabu-kabu. Ta wuni tsaye gaban aji cike maƙil, ta dawo ta tarar da sanwar dare, wanki, da tulin kayen yara da ba ta gyara ba. Babu ɗaya cikin waɗannan da ya fi ƙarfinta. Haɗuwarsu kullum, babu ranar sauke numfashi, ita ce matsalar.

Alamomin sukan zo ne a jere. Gajiya ce ke fara zuwa: an farka da safe, tunanin ranar kaɗai ya isa ya sa jiki ya yi nauyi. Daga nan sai nisa ya shiga. Uwa tana yi wa yaro wanka, tana ba shi abinci, komai a kan kari, amma hannu ne kawai ke aiki, zuciya ba ta wurin. Yaro ya zo da labarinsa na makaranta, ta ce "to, to" ba ta ji ko kalma ɗaya ba. Uba ya iso ƙofar gida ya kashe babur, ya zauna a kai minti goma sha biyar yana latsa salula, don ba ya son shiga ya ji hayaniya. Sai kuma ƙosawa: abin da a da ake dariya a kansa, yanzu tsawa yake jawowa, ko mari. A ƙarshe mutum ya dubi kansa ya ce "ni ba haka nake ba a da", kunya ta rufe shi, ya ƙara ɓoyewa. A wurin aiki kuwa, mantuwa ce, da kurakuran da ba a saba yi ba, da jin haushin mutanen da aka zauna dominsu: majinyata, ɗalibai, masu ciniki.

Jiki magayi. Ciwon kai da yamma, ƙugu da wuya su riƙe, ciki ya riƙa zafi, a kwanta a gajiye amma ido ya ƙi rufuwa, ko a farka ƙarfe biyu ana lissafin kuɗin haya.

Kada a dogara da tunawa, don wanda ya gaji ba ya iya auna gajiyarsa. A samu ƙaramin kaye, a yi mako biyu ana rubuta abu huɗu kowane dare: awa nawa aka yi barci, ƙarfin jiki daga 0 zuwa 10, sau nawa aka yi wa yaro tsawa ko aka ɗaga masa hannu, da kuma ko akwai wani abu ɗaya da ya faranta rai a ranar. Minti biyu ya isa. Idan ƙarfin ya tsaya a 4 ko ƙasa yawancin kwanaki har da ranakun hutu, layin farin ciki kuma ya zauna fayau, to wannan ta wuce gajiyar yau da kullum. Waɗannan lambobi ba gwajin likita ba ne, madubi ne kawai, amma za su yi amfani gaba idan ana son sanin ko ana samun sauƙi.

Na biyu, a je gidan likita kafin a yanke hukunci

Wannan matakin ne aka fi tsallakewa, kuma shi ya fi hatsarin tsallakewa. Cututtuka da dama suna zuwa da rigar gajiya. Babbarsu a wajen mata ita ce ƙarancin jini, musamman ga mai haihuwa kusa-kusa, mai shayarwa, ko mai zubar jini da yawa a al'ada. A je CSI, wato ƙaramin asibitin unguwa, ko wurin likita, a faɗi magana a fili: "wata kaza ke nan ina jin jikina a mace." A nemi a auna jini. Ana cewa jini ya yi ƙasa idan awon ya kasa gram 12 ga mace, 11 ga mai ciki, 13 ga namiji. A auna tansiyo. Idan yana kai 140 bisa 90 a awo fiye da ɗaya, akwai magana. A auna sukari kafin a karya kumallo. Daga gram 1,26 a lita zuwa sama sai an sake awo an tabbatar. Idan akwai zazzaɓi, a yi gwajin palu, kada a sha magani da ka. Idan akwai kumburin maƙoshi, bugun zuciya, rama ko ƙiba ba dalili, a gaya wa likita ya duba maƙoƙo. Tari da ya wuce mako biyu tare da gumin dare shi ma ba na zama a gida ba ne.

Sai abu na biyu da za a bambance: ciwon damuwa. Bambancinsu a aikace shi ne, mai ƙarewar ƙarfi idan aka ɗauke shi daga inda nauyin yake, ya je ƙauye wurin dangi kwana uku, zai ɗan farfaɗo, ya ci abinci da daɗi, ya yi dariya. Mai ciwon damuwa duk inda ya je da duhunsa yake tafiya. Idan baƙin ciki ko rashin sha'awar komai ya kai mako biyu kusan kullum, wannan aikin likita ne, kuma yana da magani. Mai jego da kuka da ƙuncin rai suka wuce mata mako biyu bayan haihuwa, ita ma kada a ce "za ta ware idan ta yi arba'in".

Abu uku ba sa jiran gobe: tunanin mutuwa ta fi, ko tunanin cutar da kai, jin tsoron za a yi wa yaro lahani, da kwana biyu ko uku a jere babu barci sam, ko jin muryoyin da wasu ba sa ji. A gaya wa wani babba a gida a ranar, a tafi Babban Asibitin Ƙasa na Zinder a nemi masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa. Addu'a da asibiti ba kishiyoyi ba ne, a haɗa su.

Na uku, barci, don babu abin da zai gyaru sai da shi

Baligi yana buƙatar awa bakwai zuwa sama. Wanda ke kwana a kan awa huɗu ko biyar, duk shawarar da za a ba shi zuba ruwa ne a rariya. Tun da asuba ba ta matsawa, lokacin kwanciya ne zai matsa. Mai tashi ƙarfe biyar, ƙarfe goma ta same shi a shimfiɗa. A lissafa baya daga nan: sanwa ta sauka kafin isha'i, yara su kwanta kafin tara.

Ɓarayin barci a garin nan sanannu ne. Na farko ruwa. Kowa ya san halin famfon Damagaram, wata unguwar sai tsakar dare yake zuwa. Idan mutum ɗaya ne ke tashi tarbe kullum, shi ne zai fara faɗuwa. A yi karɓa-karɓa: yau maigida, gobe uwargida, jibi babban yaro ko ƙanen miji da ke gidan, ko a shirya da maƙwabta masu famfo ɗaya. Gidan mutum bakwai, a lita 20 kowane kai, yana shan lita 140 a rana, wato jarka shida ta lita 25. Wanda ya san wannan adadi zai iya lissafa ko ƙarin tano ɗaya zai sa a riƙa tashi sau biyu a mako maimakon kullum, ko kuwa biyan mai ga-ruwa kwana biyu a mako ya fi arha bisa ga kuɗin magani.

Na biyu shayi da goro. Sinadarin da ke buɗe ido a cikinsu, bayan kimanin awa biyar rabinsa yana nan a jini. Kofin farko mai ɗaci da aka sha a fada ƙarfe tara na dare, ƙarfe biyu bai bar mutum ba. Ba a ce a bar fada ba, hirar abokai tana cikin abin da ke riƙe namiji, amma shayin ya tsaya a la'asar. Mai ƙarancin jini kuma ya raba shayi da abinci da aƙalla awa ɗaya, don yana hana jiki cin moriyar sinadarin ƙarfe da ke cikin wake, zogale da nama.

Na uku salula. A ajiye ta nesa da shimfiɗa, a rufe ƙarar zaurukan WhatsApp na dangi da na aiki daga ƙarfe tara. Na huɗu zafi: a watan Afrilu da Mayu, lokacin da rana ke haura digiri 40 kuma kuran yana zuwa yana ɗaukewa, a yayyafa wa tsakar gida ruwa da magariba, a watsa ruwa kafin kwanciya, a kwana waje cikin gidan sauro.

Mai jariri ba za ta samu awa bakwai a jere ba. Abin nema shi ne awa huɗu ba yankewa. Ta ba da nono ta kwanta da wuri, wani ya riƙe jaririn, ya jijjiga shi, ya canza masa, sai yunwa ta sa a kawo shi. Ƙailula kuma a riƙe ta, minti 20 zuwa 30 bayan azahar. Idan ta yi tsawo ko ta kai la'asar sakaliya, daren ne zai biya.

Gargaɗi ɗaya mai nauyi: tramol don a samu ƙarfin aiki, da ƙwayar barci ta masu talla a faranti don a samu a runtsa. Dukansu suna kama mutum, tramol kuma idan ya yi yawa yana kawo farfaɗiya. Wanda ya riga ya saba, kada ya yanke rana ɗaya, ya je likita ya tsara masa ragewa.

Na huɗu, a sauke kayan a ƙasa a duba su

A ɗauki takarda a rubuta duk abin da ake yi a mako, ƙanana da manya, har da waɗanda ba a gani: tuna ranar rigakafi, sanin cewa gero ya kusa ƙarewa, neman kuɗin littafi, tunanin abin da za a dafa gobe. Wannan aikin kai yana cin mutum kamar aikin hannu, kuma yawanci a kan mace yake, ba tare da kowa ya lissafa mata shi ba. A rubuta awa nawa kowane abu yake ci. Da yawa sai sun ga jimillar suke gane cewa ba ragwanci ke damunsu ba.

Sai a kasa su uku: abin da dole ni zan yi, abin da wani zai iya yi, da abin da za a iya bari na wata uku ba wanda zai mutu. Kashi na farko ya fi yadda ake zato ƙanƙanta. Shayarwa, zuwa aiki, salla, barci. Kusan duk saura yana da wani hannun da zai iya kama shi.

Kashi na uku ne mai wuya, don nan zumunci yake. Biki, suna, zaman makoki, kai amarya, ankon wannan da gudummawar wancan: a wasu watanni babu Asabar ɗin da mace take kwana da ƙafarta a gida. Ba mai hankalin da zai ce a yanke zumunci. Amma ba duk sha'ani ne yake buƙatar wuni guda ba. A sa ƙa'ida ta wata uku: na jini da maƙwabcin katanga, a je, gaisuwar mutuwa, a je a yi ta cikin awa ɗaya a dawo, na nesa, a aika gudummawa a buga waya. Za a yi magana, tabbas. Za a ce wance ta zama ma'aikaciya ta fi ƙarfin mutane. Maganar kan yi mako biyu ta mutu, kuma masu yin ta ba su ne za su yi jinya ba. Amsa gajeriya ta fi: "Wallahi Yaya, jikin ne ba daɗi, likita ya ce in rage kai-kawo. Ga wannan a sa albarka."

Ɓangaren girki yana da wurin ragi sosai. A yi cefanen mako gaba ɗaya ranar Alhamis a kasuwar Dole ko ranar hutu, maimakon aike kullum. A kai niƙa na mako guda. A soya kayan miya mai yawa da mai sosai, wanda zai yi kwana biyu ana ɗiba, a riƙa tafasa shi safe da yamma idan babu firiji ko kuran ba tabbas. A jiƙa wake tun dare. A ware dare biyu a mako na abinci mai sauƙi: ɗumame, fura, garin rogo da ƙuli, ko dambun da aka sayo a maƙwabta. Mai hali ya sayi ƙaramar tukunyar gas ta kilo shida ko don kunun safe kaɗai, hura gawayin asuba yana cin rabin awa da za a iya yin barci da ita.

Kuɗi ma a duba. Adashi biyu ko uku a lokaci ɗaya, ga bashin mai kanti, ga wanda aka ci don Salla: wannan shi ke tashin mutum ƙarfe biyu na dare. A rubuta bashin duka a takarda ɗaya, a kammala zagayen adashin da aka shiga, kada a shiga sabo sai an farfaɗo. Haka ma sana'ar gefe. Idan ƙanƙara ko ɗinkin da ake yi bayan aiki ribarsa ba ta kai jika biyar a wata ba amma yana cin awa biyu kowane dare, a dakatar da shi tukuna.

Na biyar, maganar cikin gida

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma yadda ake neman hannu na biyu shi ke sa a samu ko a rasa. Kuskuren da aka fi yi shi ne a yi shiru wata shida, rana ɗaya a fashe, a tono laifin shekara goma. Wanda aka yi wa haka kare kansa zai yi, ba zai ji komai ba. A zaɓi lokacin da an ci an ƙoshi, yara sun kwanta. A faɗi halin da ake ciki, a nemi abu ɗaya ko biyu masu suna da lokaci: "Baban yara, ƙarfina ya ƙare, har na fara yi wa yaran nan abin da ba na so. Ina roƙon abu biyu: ka riƙa kai su lakwal da safe, tarben ruwan Talata da Juma'a kuma ya zama naka." "Ka riƙa taimaka mini" ba buƙata ba ce, don ba wanda ya san inda za a fara.

Idan an ba da aiki, a ba da shi gaba ɗaya, a kuma kau da kai. Maigida ya sa wa yarinya ɗankwali a karkace, to ta tafi a haka. Wadda ke bin bayan kowa tana gyarawa, mako biyu aikin zai dawo hannunta.

Ga namijin da ke jin nauyin a gan shi yana wanke yaro: an tambayi Nana A'isha abin da Manzon Allah (SAW) yake yi a gida, ta ce yana cikin hidimar iyalinsa, idan lokacin salla ya yi ya fita. Kuma maza ma suna ƙonewa, sai dai tasu ta fi fitowa a faɗa, daɗewa a waje, da shiru. Albashi ɗaya, baki goma sha biyar, ga na ƙauye suna jiran buhu. Shi ma yana da damar ya tara ƴan'uwansa ya ce a raba hidimar tsofaffi, kowa ya san watansa.

Yara su ɗauki nasu gwargwadon shekaru: ɗan shekara biyar ya kwashe kwanuka ya jera takalma, ɗan takwas ya yi shara ya shirya jakarsa tun dare, ɗan sha biyu ya wanke kayansa. Maza da mata duka. A kula kada a sauke nauyin uwa kacokan a kan babbar ɗiya ko ƴar riƙo, har karatunta ya lalace. Wannan sauya wa wutar murhu ne kawai. Inna ko Gwaggo da ke kusa, a nemi rana takamaimai: "Inna, ko za a riƙa kawo miki su ranar Asabar daga hantsi zuwa azahar?" Awa ukun nan kuma ba na wanki ba ne, na kwanciya ne.

Na shida, wurin aiki

A fara da sanin haƙƙi. Dokar ƙwadago ta Nijar ta 2012 ta sa awa 40 a mako, da hutun awa 24 a jere kowane mako, da konje na kwana biyu da rabi a kan kowane watan aiki. Mai haihuwa tana da mako 14, kuma har jariri ya shekara tana da hutun shayarwa da bai wuce awa ɗaya ba a ranar aiki. Ma'aikatan gwamnati da nasu tsarin daban, sai su tambayi mai kula da ma'aikata a inda suke ko sandika. Mutane da yawa suna tara konje shekara da shekaru, ko su ɗauka su ƙarar da shi a hidimar biki.

Wajen shugaba, kuka ba ya aiki kamar lissafi. A shiga da takarda: "Ranka ya daɗe, ga ayyuka biyar a hannuna, lokacin da nake da shi na uku ne. Wanne za a fara, wanne zai jira?" Ta haka zaɓin ya koma wurinsa. A nemi abu mai iyaka, kamar wata biyu ba gadin dare a jere, ko a daina kira bayan isha'i sai da larura. Idan likita ya ba da hutu a rubuce, a kai takardar, a kuma huta da gaske. Masu aikin da ke raba su da gida kwana da kwanaki, irin na matatar SORAZ ko direbobin hanyar Agadas da Kano, su bar ranar farko ta dawowa ta zama ta barci, kada a tara mata hidima.

Mai sana'ar kansa ba shi da shef, shi ne shef ɗin, kuma sau da yawa ya fi kowane shugaba tsanani. Ya sa lokacin rufe shago, ya ware rabin rana a mako. Ajiye aiki kuwa, kada a yanke wannan shawara cikin tsakiyar gajiya. A bari a yi wata biyu ana barci sosai, sannan a sake duba ta da ido biyu.

Yaran, da lokacin da zai ɗauka

Idan zuciya ta taso, a ajiye jariri a wuri amintacce, a fita tsakar gida minti biyar, a yi alwala, a sha ruwa. Kukan minti biyar ba zai yi masa komai ba, girgiza shi da ƙarfi kuwa yana iya lalata ƙwaƙwalwarsa ko ya kashe shi. Idan an yi wa babban yaro abin da ya wuce kima, a kira shi daga baya: "Ɗazu na yi maka faɗa fiye da laifinka, gajiya ce." Girma ba ya zubewa don wannan. Sai a ware minti goma a rana ga yaro ɗaya, ba karatu, ba gyara, ba salula, a zauna a tabarma a bi abin da yake so. A makonnin farko za a yi shi ne ba tare da an ji komai ba. A ci gaba, jin yakan biyo baya.

Idan barci ya fara daidaita, a ƙara tafiyar ƙafa ta minti 20 zuwa 30 bayan asuba ko kafin magariba, kwana biyar a mako, da abu ɗaya na kai wanda ba na kowa ba: islamiyyar Asabar, kitso wurin ƙawa, ƙwallo da yamma.

Abin da ya ɗauki shekara yana taruwa ba zai tafi a mako ba. A sa ran watanni. Barci ne ke fara gyaruwa, sai fushi ya ragu, sha'awar aiki ita ke zuwa ƙarshe. Tarkon yana wurin ranar farko da aka tashi garau: sai a ɗauko wankin wata guda, a amsa gayyata uku, kwana biyu a koma gidan jiya. A mayar da kaya ɗaya-ɗaya, mako biyu tsakani, ana duba kayen nan. Idan an yi mako shida zuwa takwas ana bin matakan amma lambobin ba su motsa ba, a koma wurin likita da kayen a hannu.

Shekara tana da gaɓoɓin da nauyi ke ninkawa, kuma duk an san su tun kafin su zo: komawa lakwal a Oktoba da kuɗinta, azumi da girkin buɗa-baki da na sahur, zafin bazara, watan jarrabawa ga malamai da iyaye, da ƙarshen damina lokacin da palu ke kwantar da yara ɗaya bayan ɗaya. Mako biyu kafin kowace gaɓa, a zauna da maigida ko uwargida a fito da takardar nan ta kashi uku, a soke abu biyu daga ciki, a kuma rubuta sunan wanda zai kwana da yaro idan zazzaɓi ya zo.